Ku Tambayi Magina: Inda Katako Ya Haɗu da Kankare

Wasiƙu shida muka zaɓa a wannan fitowa. Daga wurare daban-daban suka zo, amma duk a gaɓa ɗaya suka tsaya, wato ƙarfen da ke ɗaure katako da kankare. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ganin bidiyon yadda ake gina gidaje a Amurka da katako zalla, a tayar da bango a kan dandamalin kankare cikin kwana biyu. Abin da ya ɗaure mini kai, me ke riƙe bangon a ƙasa? Ko nauyinsa ne ya zaunar da shi? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Nauyi kam ba shi ba ne, Malam, don bangon ba shi da nauyin kirki. Murabba'in mita ɗaya na bangon bulo inci tara ya kai kilo 250 tun ba a yi masa filasta ba. Na katako, da filawud ɗinsa da allon cikinsa, kilo 50 ne zuwa 60. Iska mai ƙarfi ko girgizar ƙasa tana iya ture gidan ya zame daga kan fandisho kamar faifai a bakin ƙwarya, ko ma ta ɗaga shi.

Abin da bidiyon ba ya tsayawa a kai shi ne katakon farko, wanda ake kwantarwa a kan kankaren sannan a kafa sauran a kansa. Bari mu kira shi katakon shimfiɗa. Ana ɗaure shi da ankabol, wani dogon ƙarfe da samansa ke da zaren noti, ƙasansa kuma a lanƙwashe kamar ƙugiya, ana binne shi cikin kankare ranar zubi. Dokar gina gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi, IRC, wadda aka fara fitarwa a 2000, ta yanke mafi ƙarancin abin da za a karɓa. Kaurin ƙarfen kada ya gaza rabin inci. Ya nutse cikin kankare aƙalla inci 7, wato milimita 178. Tsakanin ɗaya da na gaba kada ya wuce ƙafa 6. Kowane sandan katako ya sami ankabol biyu ko fiye, na bakin kuma kada ya yi nisa da ƙarshen katakon fiye da inci 12, kada ya matso shi fiye da kaurin ƙarfen sau bakwai, wato inci 3 da rabi. Sannan ya faɗo a tsakiyar faɗin katakon.

Kowace lamba da dalilinta. In ƙarfen ya matsa baki, katakon tsagewa yake yi ta zarensa, kamar icen da aka ɗora wa gatari a ka. In ya yi nisa da baki, kusurwar bango ta zauna sako-sako, alhali a kusurwa ne iska ta fi cin ƙarfinta. Shi kuwa zurfi, ankabol ɗin da aka ja da ƙarfi ba zarewa yake yi sumul kamar ƙusa ba. Ɓallowa yake yi da curin kankare mai siffar mazurari, kuma iya zurfinsa iya girman curin da sai an fasa kafin ya fito.

Akwai kuma washa, ɗan faifan ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, wadda mutane suka fi rainawa. A girgizar ƙasar Northridge da ta afka wa Los Anjeles ranar 17 ga Janairun 1994, an tarar da gidaje da ankabol ɗinsu na nan daram a cikin kankare, amma katakon shimfiɗa ya dare biyu a kan layinsu. Filawud yana ɗaga gefe ɗaya na katakon, ƙaramar washa mai zagaye ta danne tsakiya kawai, sai katakon ya karye ta tsawonsa. Shi ya sa a yankunan girgiza yanzu doka ta ce a sa washa mai kusurwa huɗu, inci 3 da inci 3, mai kaurin kusan milimita 6, ta danne kusan duk faɗin katakon.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba kankare tukuna, sai ya fara kamawa a bi ana cusa ƙarfe da hannu. Ƙugiyar takan ture tsakuwa ta bar kogo a bayanta, kuma kogon ba ya cikewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana jera ankabol a jikin falankin da aka huda, a buga falankin a kan katakon zubi, a duba layi da igiya, a naɗe zaren da leda don kada siminti ya toshe shi, sannan a zuba a girgiza kankaren kewaye da shi. Ramin da za a huda a katako kuma kada ya fi ƙarfen da fiye da milimita ɗaya da rabi. Kafintan da ya faɗaɗa rami don ƙarfe ya karkace ya bar wa bango wurin gudu, kuma nauyin da ya kamata ƙarfe goma su raba sai ya faɗa kan biyun da ramukansu suka matse.

Tambaya: Ni kafinta ne, aikina rufi. Wani ɗan'uwa ya turo mini hoton gidan da ake ginawa a Japan, na ga a kusurwoyi an ɗaura wani ƙarfe a jikin katakon tsaye, da dogon rodi ya shige ƙasa. Tunda ga ankabol a jere, wannan kuma na mene ne? Ba ɓarnar kuɗi ba ce? — Kafinta daga Jos

Amsa: Ba ɓarna ba ce, maigida, aikinsu ne ya bambanta. Ka tura kabad daga sama ka gani: ba ya zamewa, ƙafar da ke gefenka ce ke ɗagawa. Haka bango yake yi. Ankabol ya riƙe katakon shimfiɗa, to amma me ya riƙe katakon tsaye a jikin na shimfiɗa? Ƙusa biyu ce da aka buga ta ƙasa ta shiga kan katakon, ta bi zarensa, kai kuma ka fi kowa sanin irin wannan ƙusar da hannu ma ana zare ta. Ƙarfen da ka gani yana tsallake katakon shimfiɗa ne ya haɗa na tsaye da kankare kai tsaye. Mu kira shi madanni.

Lissafinsa ba wuya. Ka ɗauki ƙarfin turin da ke saman bango, ka ninka da tsayin bangon, ka raba da faɗinsa. Bango mai tsayin mita 2.4 da faɗin mita 2.4, in aka ture shi da ƙarfin kilo 500, kusurwarsa za ta so ɗagawa da kilo 500. In faɗin ya koma mita 1.2, ɗagawar ta zama kilo 1,000. In siririn bangon nan ne na gefen ƙofar gareji, mai santimita 60, ta zama kilo 2,000, da turi iri ɗaya. Nauyin rufi yana rage wani abu a ciki, amma ba ya cinye shi. Don haka za ka ga manyan madannai a gefen manyan ƙofofi da tagogi, inda bango ya sirance.

Japan da jini ta koyi wannan. Girgizar Kobe ta 1995 ta kashe mutum fiye da 6,000, da yawansu a ƙarƙashin tsofaffin gidajen katako da ginshiƙansu suka zare daga mazauninsu. A gyaran dokar gini na 2000 aka wajabta ƙarfen haɗi a kan ginshiƙi da gindinsa, gwargwadon jan da lissafi ya nuna.

A Amurka kamfanonin da suka fi suna a wannan sana'a su ne Simpson Strong-Tie da MiTek. Ƙaramin madannin Simpson mai lamba HDU2 yana cin sukuru shida masu kaurin rubu'in inci da tsawon inci 2 da rabi, da rodi mai kaurin biyar bisa takwas na inci, a jikin katako biyu da aka haɗe. An rubuta masa ɗaukar kusan kilo 1,400 a katako mai ƙarfi. Wannan lambar tana aiki ne in an cike kowane rami da sukurun da kamfanin ya ce. Wanda ya sa huɗu ya bar biyu, ko ya musanya da baƙaƙen sukurorin nan na allon silin da ke karyewa kamar alli, an yi ba a yi ba ke nan. Notin kuma ba a danne shi da ƙarfin tsiya: a ɗaure da yatsu har ya tsaya, a ƙara sulusi zuwa rabin zagaye da sifana. Katako ɗanye yana motsewa in ya bushe, don haka a sake bin notunan kafin a rufe bango. In rodi ya fito a karkace nesa da katakon, kada a lanƙwasa shi da guduma, gyaran gangar Auzinawa ne. A huda sabon rami a dasa wani.

Madanni kuma ba ya aiki shi kaɗai. Filawud ɗin da ke jikin bangon shi ke kawo masa ƙarfin, ta ƙusoshin da aka jera kowane inci 6 a gefuna da kowane inci 12 a tsakiya. Ƙusar da kanta ya nutse ya fasa fatar filawud ta rasa wani ɓangare na riƙonta.

Tambaya: Muna zaune a Kalifoniya, mun sayi tsohon gida da aka gina kafin 1950. Mai duba gida ya rubuta cewa ba a ɗaure shi da fandisho ba. Sai an rushe wani wuri kafin a gyara? — Wata mai karatu daga Amurka

Amsa: A'a, Hajiya, ba a rushe komai. Gidaje da yawa na wancan zamanin haka aka ɗora su, kuma irinsu ne suka yi ta zamewa a girgizar Loma Prieta ta 1989. Duk aikin a ƙarƙashin gida ake yinsa, a ɗan sararin nan da ke tsakanin ƙasa da daɓen katako.

In akwai tsayin da na'urar huda za ta tsaya, ana huda katakon shimfiɗa a zarce cikin kankare, a dasa rodi mai zare. In babu tsayi, akwai farantan ƙarfe da ake ɗaurawa ta gefe, samansu ya kama katako da sukuru, ƙasansu ya kama fuskar kankare. In kuma akwai gajeren bangon katako tsakanin fandisho da daɓe, dole a lulluɓe shi da filawud ta ciki, don shi ne ke durƙushewa ko da an ɗaure ƙasansa.

Wajen dasa rodin ne ake samun saɓani. Ankabol mai buɗewa, wanda ke kumbura a cikin rami in an ɗaure notinsa, yana da sauri da araha, amma tura kankare yake yi ta kowane gefe. Katakon shimfiɗa faɗinsa inci 3 da rabi ne, ke nan ramin bai kai inci 2 daga bakin kankare ba, kuma tsohon kankare mai rauni sai ya ɓare. A irin wannan wuri mun fi son gam ɗin ifoksi, wanda ke kamawa ba tare da ya tura komai ba.

Shi kuma gam, ƙura ce ajalinsa. Ana huda rami ya fi rodin da kamar milimita 2, misali milimita 14 ga rodi mai 12. A hura iska daga can ƙasan ramin, a goge da burushin waya mai zagaye, a sake hurawa, a maimaita har ƙura ta daina fita. A matse farkon gam ɗin a zubar har launinsa ya zama ɗaya, don na farkon bai gauraya ba. A cika ramin daga ƙasa zuwa sama kamar kashi biyu bisa uku, a shigar da rodin ana murzawa a hankali har gam ya tumbatso. Sai a ƙyale shi iya awoyin da aka rubuta a jikin kwalin. Ramin da ba a share ba, gam ɗin ƙurar yake kamawa, rodin ya zare da rigarsa ta gam. Sabon kankare kuma sai ya kwana 21 ake dasa masa irin wannan. Ga masu aiki a gida Najeriya da Nijar: a zafin Afrilu gam yana daskarewa cikin 'yan mintoci, don haka a ajiye shi a inuwa, a gama share duk ramuka kafin a fasa shi.

Ki nemi izinin gini daga hukumar garinku kafin a fara, ki kuma duba shirin Earthquake Brace + Bolt na jihar, wanda ke ba masu gidajen da aka gina kafin 1980 a wasu yankuna tallafin da ya kai dala 3,000 don wannan aikin.

Tambaya: Zan kafa shagon katako mita 3 da mita 4 a kan dandamalin siminti. Kafinta ya ce ƙusar kankare inci 4 ta isa ta riƙe katakon ƙasa. Gaskiya ne? — Ɗan kasuwa daga Zariya

Amsa: Ba ta isa ba, Alhaji. Inci 2 na ƙusar a cikin katako za su ƙare, sauran biyun su shiga kankare suna farfasa shi, kuma matsi kawai ke riƙe da ita. Ta yi daidai da bangon raba ɗaki a ciki, wanda iska ba ta taɓawa. Bangon waje na shagon da ba shi da nauyin kirki yana son noti.

In ba a zuba dandamalin ba, ga yadda za a yi. Daɓen inci 4 ba zai ɗauki zurfin inci 7 ba, don haka a kaurara gefen zagaye, zurfin santimita 30 da faɗin 30, da rodi biyu masu milimita 12 a kwance a ciki. Haɗin ya zama buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. A sayi rodi mai zare daga sama har ƙasa, milimita 12, a yanka santimita talatin-talatin. A ƙasan kowanne a sa noti, washa, noti, a ɗaure su tamau. Wannan ya ma fi ƙugiya riƙo, don ƙugiya tana iya miƙewa in an ja ta. A bar santimita 8 a waje. Kada a yarda a yi wa rodin gini mai ƙuraje waldar noti a ka, a wurin waldar yake karyewa.

Da tazarar mita 1.2, wadda muka fi so ga gini marar nauyi, bangon mita 4 zai ci guda huɗu, biyun takwas ke nan. Bangon baya na mita 3 zai ci uku. Na gaba ƙofa ta raba shi biyu, kowane ɓangare biyu. Jimla 15. Mai walda ya yanka maka washa daga ƙarfe mai faɗi, aƙalla santimita 5 da 5, kaurin milimita 3 ko fiye. A yi ta ba kankaren ruwa kwana bakwai kafin a ɗaure noti.

Dandamalin ya ɗara ƙasa da santimita 15 zuwa 20, a shimfiɗa leda mai kauri ko takardar kwalta tsakanin kankare da katako, don kankare yana jan danshi. Kada dandamalin ya fito ya yi wa bango leɓe, ruwan sama zai kwanta a gindin katako. Abin da aka lulluɓe bangon da shi ya sauko ya ɗan rufe bakin kankaren. Sannan kafin a kwantar da katakon shimfiɗa, a zura langalanga ta ƙarƙashinsa a kowace kusurwa da gefen ƙofa, a naɗo ta sama ta kama katakon tsaye ta fuska biyu, ƙusa huɗu kowace fuska. Wannan shi ne madannin talaka, kuma ga shago ya wadatar.

In an riga an zuba, kuma inci 4 ne, a yi amfani da gam kamar yadda muka bayyana a sama, zurfin santimita 7 zuwa 8, a rage tazarar zuwa santimita 90.

Tambaya: Na ji an ce katakon da aka yi wa maganin gara yana cin ƙusa. Da gaske ne? — Ɗalibar fasahar gini daga Kaduna

Amsa: Da gaske ne, amma ya danganta da maganin. Har ƙarshen 2003 maganin da aka fi dura wa katako a Amurka shi ne CCA, mai sinadarin asenik. Da aka janye shi daga gine-ginen gidaje, sai aka koma ga irin su ACQ, waɗanda jan ƙarfe ya yi musu yawa. Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe in suka haɗu a cikin danshi sai su zama kamar batir, baƙin ƙarfen ne ke narkewa. Siraran abubuwa, ƙusa da sukuru da langalanga, su ke fara mutuwa. Shi ya sa ake neman ƙusar galbanaiz wadda aka tsoma a narkakken zinki, mai kaushin nan, ba mai ƙyalli da aka yi wa shafe ba. Farantan haɗi kuma masu lamba G185 ake so, waɗanda zinkinsu ya ninka na G90 da aka saba. A bakin teku sai sitenles. Kada a haɗa farantin sitenles da ƙusar galbanaiz, kada kuma alminiyam ya taɓa irin wannan katako.

A kasuwanninmu abin da aka fi samu shi ne maganin shafawa irin Solignum, ko baƙin man mota. Na shafawa a fatar katako yake tsayawa, don haka duk inda aka yanka ko aka huda sai an sake cika shi da magani, musamman ramin ankabol da kan katakon. Baƙin mai kuwa ba abin dogaro ba ne, gara tana iya ratsa shi.

Tambaya: Mu ba ma gina bangon katako, amma bara a farkon damina iska ta ɗauke mana rufi gaba ɗaya, har da bulo layi biyu na sama. An ɗaure shi da rodi kuwa. Ina aka kuskure, kuma yaya za mu yi a sabon rufin? — Magidanci daga Maraɗi

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Tambayarka ita ce ta fi shafar yawancin masu karatu, don a gidajenmu inda katako ke haɗuwa da kankare a saman bango yake. Kuma ka riga ka faɗi amsar da bakinka: bulo layi biyu.

Iska ba danna kwano take yi ba, tsotsarsa take yi sama, musamman rufin da bai da tudu sosai. Iska mai gudun kilomita 108 a awa tana da ƙarfin kusan kilo 55 a kowane murabba'in mita. In ta kai 144, ƙarfin ya kusa kilo 100, don ba ya tafiya daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Ɗauki gida mai mita 8 da 10. Murabba'i 80 sau 55, kilo 4,400 ke nan ke jan rufin sama. Kwano da katakonsa, in ka ba su kilo 15 a murabba'i, 1,200 ne. Saura 3,200. Ka raba wa dogayen bango biyu, kowace mita tana fuskantar jan kilo 160. Bulo inci tara layi biyu kuwa, a mita ɗaya, kamar kilo 110 ne kawai, kuma simintin da ke tsakanin bulo ba ya jure ja. Rodinka bai tsinke ba, abin da aka ɗaure shi a jiki ne bai kai nauyi ba. Wannan ma lissafin sassauci ne, don a gefuna da kusurwoyi tsotson yana ninkawa, in kuma ƙofa ko taga ta ɓalle ta gefen da iska ke bugowa, sai ta shiga tana tura rufin ta ciki.

A sabon ginin, a zuba zoben kankare a can saman bango ya zagaye gidan duka, da rodi huɗu a ciki, a saƙa shi da rodin filoli don ya zama nauyin bangon gaba ɗaya ke riƙe da shi. A cikinsa za a dasa rodi mai zare milimita 12, da noti da washa a ƙasa, kowace mita 1.2, a rage zuwa santimita 60 a kusa da kusurwoyi. Wolfilet, wato katakon da ake kwantarwa a saman bango, ya zauna a kansu da washa mai faɗi. In sai an ɗora bulo a kan linta, to rodin ɗauri ya sauka ya kamo rodin cikin lintar tun ranar zubi, ya bi ta ramin bulo, a cike ramin da kankare. Rodin da aka lanƙwasa kawai a kan wolfilet aka danne da ƙusa biyu, miƙewa yake yi. A Ingila ma, inda bangon bulo da rufin katako ake yi kamar namu, ƙa'idarsu ita ce ƙarfen da ke ɗaure wolfilet ya sauka aƙalla mita ɗaya a jikin bango, kuma tazararsa kada ta wuce mita 2.

Daga nan sai rafta. Ƙusar da aka buga a karkace daga rafta zuwa wolfilet jan iska yana bin tsawonta ne, sai ta zare. Ana son ƙusa ta tsaya a gicciye da jan. Langalanga mai faɗin santimita 3 da kaurin kusan milimita ɗaya, ta galbanaiz, ta haye kan kowace rafta ta sauko ta fuska biyu, ƙusa huɗu kowane gefe. Kowace rafta muka ce, ba a tsallake ɗaya a ɗaure ɗaya. Siririyar langalangar da aka kwance daga dilar kaya, wadda tsatsa ta riga ta fara ci, damina uku ba za ta gani ba. Katakan da ake buga kwano a kansu su ma a ɗaure su da rafta da waya ko guntun langalanga a layi biyu na gefe da na ƙoli, a can kuma a buga ƙusar kwano a kowane tudu. Bakin rufin da ya fito fiye da santimita 60 ba tare da an rufe ƙasansa ba hannu ne aka miƙa wa iska.

Wanda rufinsa ke nan bai tashi ba, yana iya gyarawa kafin hadarin farko. A ɗaga silin a gefuna, a duba abin da rodin ɗaurin ya kama. In bulon sama ne, a huda bango a ƙarƙashin linta, a zura rodi mai zare ya fita waje da washa mai faɗi, a ɗaura ƙarfe mai faɗin santimita 3 da kaurin milimita 3 daga nan ya hau ya kama wolfilet da raftar da ke kansa. A fara da kusurwoyi huɗu da baranda, sannan a bi dogayen bango kowace mita ɗaya da rabi.